Na'urar Rauta: Yadda Ake Zaɓenta da Girka Ta a Gida ko Ofis

Gabatarwa

Ƙofar Dawanau ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin Kano. Tana arewa maso yammacin birni, tsakanin Ƙofar Ruwa da Ƙofar Waika, tana kallon hanyar da ke zuwa Dawanau, inda shahararriyar kasuwar hatsin nan take. A zamanin da, kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, wanda aikinsa shi ne ya san mai shiga da mai fita, ya buɗe da safe, ya rufe idan dare ya yi. A yau ganuwar ta zaizaye a wurare da dama, kuma an daina rufe ƙofofin. Amma gidaje da makarantu da ofisoshin wannan yanki sun sami wata sabuwar ƙofa mai bukatar mai tsaro, wato ƙofar da intanet ke shigowa ta cikinta.

Bukatar wannan ƙofa ba ɓoyayyiya ba ce. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB take gudanar da jarrabawarta ta shiga jami'a a kan kwamfuta. Rajistar WAEC da NECO da duba sakamakonsu duk ta intanet ake yi. Ɗan kasuwar da ke sayen riɗi ko zoɓo a Dawanau ta intanet yake aika hoton kaya da takardun ciniki ga abokan hulɗarsa na ƙasashen waje. Na'urar da ke karɓo intanet ta rarraba shi ga wayoyi da kwamfutocin gida ba tare da waya ba, ita ake kira rauta. Wanda ya zaɓe ta da ka, ko ya girka ta ba bisa ƙa'ida ba, zai yi asarar kuɗi da lokaci, wani lokaci ma har da sirrinsa. Wannan darasi zai bayyana aikinta, da kimiyyar da ke ƙarƙashinta, da yadda ake zaɓenta da saita ta.

1. Aikin rauta

Duk saƙon da ke tafiya a intanet, rubutu ne ko hoto ko murya, ana yayyanka shi zuwa ƙananan ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin inda ya fito da na inda za shi. Wannan adireshi lamba ce da ake kira adireshin IP. A tsohon tsarin da har yanzu ake amfani da shi, adireshin da za a iya samu bai wuce biliyan 4.3 ba, alhali na'urorin duniya sun zarce haka. Saboda haka kamfanin sadarwa yakan ba gida guda adireshi ɗaya tak.

A nan ne aikin rauta yake fitowa. Ana iya kwatanta shi da na akwatin gidan waya wanda mutanen gida ɗaya suke tarayya a kansa. Wasiƙun kowa a akwati ɗaya suke sauka, amma akwai mai ɗaukowa wanda ya san wasiƙar maigida da ta ɗalibi da ta baƙo. Rauta takan ba kowace waya ko kwamfuta da ke gidan adireshi na cikin gida, irin su 192.168.1.5 ko 192.168.1.6. Idan ɗaya daga cikinsu ta aika tambaya waje, sai rauta ta rubuta a ma'ajiyarta, in amsa ta dawo ta miƙa wa mai ita. Saƙon da ya zo daga waje ba tare da wani ya nema ba kuwa, sai ta hana shi shiga. Wannan shi ne aikin Sarkin Ƙofa.

Ya kamata ɗalibi ya rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko ita ce hanyar da ke tsakanin gida da kamfanin sadarwa, wadda na'urar modem ke kula da ita. Na biyu ita ce hanyar da ke tsakanin rauta da wayoyin cikin gida, wadda ake kira Wi-Fi. Yawancin na'urorin da MTN da Airtel da Glo ke sayarwa sun haɗa modem da rauta a ƙwarya ɗaya, shi ya sa mutane ba sa lura da bambancin. Waya tana iya nuna Wi-Fi a cike, amma shafi ya ƙi buɗewa, saboda matsalar tana hanyar waje. Alal misali, a ranar 14 ga Maris, 2024, wasu manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Afirka ta Yamma, sai intanet ya yi rauni a Nijeriya, duk da cewa rautocin mutane lafiyarsu ƙalau.

2. Taƙaitaccen tarihi

Wi-Fi rediyo ne. Masanin lissafi James Clerk Maxwell na ƙasar Sikotilan ya nuna ta hanyar lissafi a shekarar 1865 cewa akwai igiyoyin lantarki da maganaɗisu masu tafiya da saurin haske. Heinrich Hertz na Jamus ya tabbatar da haka a ɗakin gwaji a shekarar 1887, shi ya sa ake kiran ma'aunin bugun igiyar da sunansa, wato haz. A 1971 Jami'ar Hawaii ta haɗa kwamfutocinta da ke tsibirai daban-daban da rediyo. A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta ba da damar amfani da wasu zanguna ba tare da lasisi ba, daga ciki har da na gigahaz 2.4.

Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar farko mai lamba 802.11 a shekarar 1997, da saurin megabit 2 a daƙiƙa. A 1999 saurin ya kai megabit 11, a shekarar kuma aka raɗa sunan Wi-Fi. A 2003 ya kai megabit 54 a zangon gigahaz 2.4. Daga nan aka sami Wi-Fi 4 a 2009, Wi-Fi 5 a 2013, Wi-Fi 6 a 2019, sa'an nan Wi-Fi 7 a 2024.

A Nijeriya kuwa, an kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, a 1992. Wayar salula ta GSM ta fara aiki a watan Agusta na 2001. A 2022 kamfanin MTN ya fara sabis na 5G a wasu birane, Kano na cikinsu, Airtel kuma ya biyo baya a 2023. A farkon 2023 ne kuma Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a ƙasar.

3. Igiyar rediyo da katangar gida

Idan yaro ya jefa dutse a kududdufi, za a ga ruwa yana yin zobba-zobba suna bazuwa, suna rage ƙarfi yayin da suke nisa. Haka igiyar rediyo take bazuwa daga eriya, sai dai ita saurinta kilomita 300,000 ne a daƙiƙa. Abubuwa biyu ake aunawa a jikinta: yawan bugunta a daƙiƙa, da tsawon zangonta, wato tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Idan aka raba saurin haske da yawan bugu, sai a sami tsawon zango.

Gidan rediyon Freedom na Kano yana watsa shirye-shiryensa a kan megahaz 99.5, wato bugu miliyan 99.5 a daƙiƙa, tsawon zangonsa kuwa kimanin mita 3. Wi-Fi yana amfani da gigahaz 2.4, bugu biliyan 2.4 ke nan, mai tsawon santimita 12.5, da kuma gigahaz 5, mai tsawon santimita 6. Gidan rediyo yana aikawa da ƙarfin dubban wat daga doguwar hasumiya, rauta kuwa ƙarfin aikawarta yawanci bai kai wat ɗaya ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake kama rediyo a ƙauyuka masu nisa, amma Wi-Fi da ƙyar yake ƙetare gidan maƙwabci.

Abubuwa uku ke raunana sigina. Na farko shi ne nisa. A fili, idan nisa ya ninka sau biyu, ƙarfin sigina yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ya ninka sau goma, ya koma kashi ɗaya cikin ɗari. Na biyu shi ne shanyewa. Katanga takan sha wani ɓangare na ƙarfin igiyar, kuma gwargwadon kaurinta gwargwadon abin da za ta sha. Ruwa na cikin abubuwan da suka fi shan wannan igiya. Na uku shi ne tunkuɗewa, domin ƙarfe yakan mayar da igiyar baya kamar yadda madubi ke mayar da haske.

Wannan bayani yana da muhimmanci ga mazauna cikin birni. Ginin gargajiya na tubali da jar ƙasa yana da kauri ƙwarai, musamman daga gindi. Kaurin nan da ke sanyaya ɗaki da bazara shi ne yake tare sigina, kuma idan damina ta jiƙa katangar abin yakan ƙaru. Ginin bulo ya fi sauƙin ratsawa, amma dakalin bene mai siminti da rodi yana tarewa sosai. Rufin kwano, da ƙyauren ƙarfe, da tankin ruwa, duk shingaye ne. Bugu da ƙari, tsarin gidan Bahaushe dogo ne: daga zaure a bi ta shigifa kafin a kai tsakar gida da ɗakunan ciki. Rautar da aka ajiye a zaure sai siginarta ta ratsa katanga uku ko huɗu kafin ta kai ƙurya.

Zangon gigahaz 2.4 ya fi ratsa katanga da zuwa nesa, amma cunkoso ya yi masa yawa. Tashoshinsa 13 ne, waɗanda ba sa hawa kan juna kuwa uku ne kawai: 1 da 6 da 11. A unguwar da gidaje ke manne da juna, lungu ɗaya yana iya samun rautoci da yawa suna magana a tasha ɗaya, kowace tana jiran 'yar'uwarta ta yi shiru. Zangon gigahaz 5 ya fi faɗi da sauri, amma katanga ta fi cin ƙarfinsa.

4. Yadda ake zaɓe

Tambayar farko ba ta shafi rauta ba, ta shafi hanyar da intanet zai iso gidan. Hanyoyin uku ne. Akwai layin salula na 4G ko 5G, wanda shi ne aka fi amfani da shi, kuma yana bukatar rauta mai ramin saka sim. Akwai zaren gilashi, wanda ake kira faiba, wanda ya fi tsayawa daram, amma sai inda kamfani ya shimfiɗa wayarsa. Akwai kuma tauraron ɗan'adam, mai bukatar faranti a kan rufi, wanda kayansa da kuɗinsa na wata sun fi tsada.

Wanda zai yi amfani da layin salula, kafin ya je kasuwa ya kamata ya gwada. Ya ari wayoyi masu layukan kamfanoni daban-daban, ya auna saurinsu a cikin ɗakin da za a ajiye na'urar, da safe da kuma bayan sallar isha'i, lokacin da jama'a suka fi hawa. Layin da ya yi kyau a Sabon Gari ba lalle ne ya yi kyau a lungun Ƙofar Dawanau ba, domin abin ya danganta da nisan hasumiya da yawan masu amfani da ita. Haka kuma dole ne layin ya kasance an haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kamar yadda gwamnati ta wajabta tun watan Disamba na 2020.

Bayan wannan sai a duba abubuwa kamar haka:

(a) Kulle. Na'urar da kamfanin sadarwa ya sayar takan fi araha, amma galibi layinsa kaɗai take karɓa. Wadda ba a kulle ba ta fi tsada, amma tana ba da damar sauya layi idan sabis ya lalace.

(b) Yawan masu amfani. Ƙaramar na'urar aljihu mai batir ta ishi mutum ɗaya ko ƙaramin iyali. Ofis ko ɗakin kwamfuta na makaranta yana bukatar babba mai ramukan saka wayar kwamfuta.

(c) Zango biyu. Ya fi kyau a sayi mai gigahaz 2.4 da 5 a haɗe, ta zamanin Wi-Fi 5 ko Wi-Fi 6.

(d) Tsaro. Lalle ne a ga an rubuta WPA2 ko WPA3 a jikin kwalinta.

(e) Ramin eriyar waje, ga gidan da sabis ba ya shiga ɗakunansa.

(f) Amincewar hukuma. NCC tana tantance nau'o'in na'urorin sadarwa kafin a sayar da su. Mai saye a kasuwar Farm Centre ko titin Beirut ya nemi rasit, ya kuma gwada na'urar da layinsa a gaban mai shago.

Akwai lissafin da zai kare mai saye daga ruɗin lambobin da ake bugawa a jikin kwali. Saurin da ake rubutawa, kamar megabit 300 ko 1,200, na tsakanin rauta da waya ne a yanayi mafi kyau. Idan layin da ke shigowa megabit 20 yake kawowa, to megabit 20 ɗin za a raba. Har ila yau, bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Don haka megabit 20 daidai yake da megabait 2.5 a daƙiƙa, kuma fayil mai gigabait 1 zai ɗauki daƙiƙa 400 kafin ya sauka, wato minti 6 da daƙiƙa 40. Bidiyon da ke cin megabit 5 a daƙiƙa zai cinye gigabait 2.25 a sa'a guda. Shugaban makarantar da ya yi wannan lissafi zai gane cewa kuɗin data na wata-wata, ba kuɗin na'ura ba, shi ne babban nauyin da zai ɗauka.

5. Wurin ajiyewa

Daga abin da ya gabata, ƙa'idojin ajiyewa a fili suke. A sa rauta a tsakiyar wurin da ake son sigina ya kai, a ɗaga ta sama a kan kanta ko jikin bango, kada a ajiye ta a ƙasa ko cikin kabad. A nisanta ta daga firji da talabijin da randa da tankin ruwa. Idan tana da eriya, a tsayar da su a miƙe, domin sigina yana bazuwa ne ta gefen eriya, ba ta tsininta ba.

Rauta mai sim tana da bukata biyu da kan ci karo: tana son taga don ta ji hasumiyar kamfani, tana kuma son tsakiyar gida don ta kai ga kowa. Ɗakin da tagarsa ke kallon tsakar gida yakan warware wannan, domin sigina yana bin filin tsakar gida ya shiga ɗakuna ta ƙofofi da tagogi, maimakon ya ratsa katanga. Idan gidan ya yi girma ko yana da bene, hanya mafi inganci ita ce a ja wayar kwamfuta zuwa wancan sashe a saka na'ura ta biyu. Irin wannan waya tana kai mita 100 ba tare da rauni ba. Na'urar maimaita sigina wadda ba ta da waya tana taimakawa, amma mai zango ɗaya takan rage sauri da kusan rabi.

6. Wuta, zafi da ƙura

Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wutar lantarki a Kano da Katsina da Jigawa tun shekarar 2013, kuma ɗaukewar wuta abu ne da kowa ya sani. Abin farin ciki shi ne rauta ba ta da ci. A jikin cajarta akan rubuta, alal misali, bolt 12 da amfiya 1. Idan aka ninka su sai a sami wat 12, wanda shi ne iyakar abin da za ta ja. Wadda ke cin wat 10 za ta ci yunit 7.2 kawai a kwana 30 ko da ba a kashe ta ba.

Ƙaramin batir mai bolt 12 da amfiya-sa'a 7 yana ɗauke da wat-sa'a 84. A lissafi zai riƙe ta sa'a 8, amma batirin dalma ba a son a zuƙe shi fiye da rabi, saboda haka sa'a 4 za a ƙiyasta. Gidan da ke da sola ko inbata sai ya haɗa ta a kai. Haɗarin da ya fi ɗaukewar wuta shi ne dawowarta da ƙarfi, da kuma tsawa a lokacin damina. Ya kamata a yi amfani da soket mai kariya, a kuma cire na'urar idan hadari ya taso. Kada a yi mata amfani da cajar da bolt ɗinta ya bambanta, ko da bakinta ya shiga.

Yawancin rautocin gida an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, alhali a watan Afrilu zafin Kano yakan kai haka ko ya zarce. Rautar da ke ƙarƙashin kwano ko a hasken rana za ta riƙa tsayawa ko kashe kanta. Kada a lulluɓe ta da ƙyalle. Da hunturu kuma a riƙa kakkaɓe ƙurar da ke toshe ramukan shan iskarta.

7. Matakan saitawa da tsaro

Mataki na ɗaya: a saka sim ko a haɗa wayar kamfani, a kunna, a jira fitilun su tsaya.

Mataki na biyu: a duba takardar da ke manne a ƙarƙashin na'urar. A nan aka rubuta sunan Wi-Fi, da kalmar sirrinsa, da adireshin shafin saiti, wanda galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. A haɗa waya da Wi-Fi ɗin, a rubuta adireshin a manhajar buɗe shafuka.

Mataki na uku: a sauya kalmar sirrin shafin saiti. Makullai biyu ne a jikin rauta: na shiga Wi-Fi, da na sarrafa na'urar kanta. Na biyun ne aka fi mantawa da shi, kuma kamfanoni da yawa kalma ɗaya suke sa wa dubban na'urori. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan rautoci da kyamarori ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomi, aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka a Amurka.

Mataki na huɗu: a sauya sunan Wi-Fi zuwa wanda bai bayyana sunan maigida ko na ofis ba.

Mataki na biyar: a zaɓi WPA3, in babu a zaɓi WPA2. Tsohon tsarin WEP masana sun fasa shi tun 2001. WPA2 ya fito a 2004, WPA3 kuma a 2018.

Mataki na shida: a sa doguwar kalmar sirri. Lambobi takwas zalla suna ba da haɗi miliyan 100, wanda kwamfuta ke iya gwadawa cikin ɗan lokaci. Idan aka gauraya lambobi da manya da ƙananan haruffa, guda takwas suna ba da haɗi sama da tiriliyan 218, kuma kowane ƙarin harafi yana ninka wannan sau 62. Lambar waya da ranar haihuwa da sunan ɗa ba su dace ba, domin maƙwabci ya san su. Kalmomin Hausa huɗu marasa dangantaka, haɗe da lambobi, sun fi sauƙin tunawa da wuyar zato.

Mataki na bakwai: a kashe WPS, wato hanyar shiga da gajeriyar lamba, wadda aka gano rauninta a 2011. A kuma kashe damar sarrafa na'urar daga waje.

Mataki na takwas: a buɗe sashen baƙi. Wannan shi ne zauren rauta. Baƙo zai sami intanet, amma ba zai ga kwamfutar da ke ɗauke da sakamakon ɗalibai ko lissafin kasuwanci ba.

Mataki na tara: a riƙa sabunta manhajar na'urar, a kuma riƙa duba jerin waɗanda ke kanta. Duk abin da aka aikata ta rauta, layin mai ita zai nuna, kuma Nijeriya tana da dokar laifuffukan intanet tun 2015. Idan saiti ya rikice, akwai ɗan rami a bayan na'urar. In an danna shi da tsinke na kimanin daƙiƙa 10, za ta koma yadda ta fito daga kamfani, sai a sake matakan daga farko.

8. Gwaji don aji

Malami zai iya mayar da wannan darasi aikin hannu. Akwai manhajojin waya na kyauta masu auna ƙarfin Wi-Fi da ma'aunin dBm. Lambar takan zo da alamar ɗebewa: -40 sigina ne mai ƙarfi, -67 ya isa kallon bidiyo, -80 kuwa ya yi rauni. Duk raguwar 3 tana nufin ƙarfi ya koma rabi, raguwar 10 kuma kashi ɗaya cikin goma.

Ɗalibai su zana taswirar makaranta, su auna a nisan mita 1 da 2 da 4 da 8 a fili, su rubuta. Sa'an nan su auna a nisa ɗaya ta bayan katangar ƙasa, da ta bulo, da ƙyauren ƙarfe, su kwatanta. A ƙarshe a saka waya cikin tukunyar ƙarfe a rufe, a kira ta, a ga abin da zai faru. Michael Faraday ne ya nuna a 1836 cewa rufaffen ƙarfe yana kare abin da ke cikinsa daga tasirin lantarki na waje.

Kammalawa

A taƙaice, rauta ƙaramin gidan rediyo ne haɗe da mai tsaron ƙofa. Nagartar aikinta ta dogara ne a kan abubuwa huɗu: ƙarfin layin da ke shigowa, wurin da aka ajiye ta, tsayayyiyar wuta, da makullan da aka sa mata. Uku daga cikinsu sani suke bukata fiye da kuɗi. Ɗalibin da ya fahimci dalilin da ya sa katangar tubali ke shan sigina, ya kuma iya lissafin bit da bait da wat, zai iya girka rautar gidansu ko ta makarantarsu da kansa. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Tambayoyi

1. Bayyana bambancin aikin modem da na rauta.
2. Lissafa tsawon zangon igiyar rediyo mai megahaz 900.
3. Layi yana kawo megabit 8 a daƙiƙa. Minti nawa fayil mai megabait 600 zai ɗauka kafin ya sauka?
4. Rauta tana cin wat 6. Sa'a nawa batir mai wat-sa'a 84 zai riƙe ta idan rabinsa kawai aka yi amfani da shi?
5. Kawo dalilai biyu da suka sa zaure bai dace da ajiye rauta ba.
6. Me ya sa sauya kalmar sirrin Wi-Fi kaɗai bai wadatar ba?